Tambayoyi da Amsoshi Kan Sunan MacDonald: Ma'anarsa, Asalinsa da Abin da Gwajin Ƙwayoyin Halitta Ya Bayyana

Sunan MacDonald yana cikin sunayen dangi goma da suka fi yawa a ƙasar Sikotlan, kuma a duk sunayen da suke farawa da "Mac" babu wanda ya kai shi yawan masu amsawa. Saboda tarihin gidan a rubuce yake tun ƙarni na 12, kuma dubban masu sunan sun yi gwajin ƙwayoyin halitta, ana iya ɗora abin da maroƙa suka faɗa a kan abin da ɗakin bincike ya gano a ga inda suka dace da inda suka saɓa.

Mene ne ma'anar sunan MacDonald?

Sunan daga harshen Gelik ya fito, wato harshen mutanen tsaunuka da tsibiran yammacin Sikotlan, kuma a can ana rubuta shi MacDhòmhnaill. Kalmar "mac" tana nufin ɗa, aikinta ɗaya da "ɗan" da muke ji a sunan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Dòmhnall kuwa sunan yanka ne na maza wanda Turawan Ingila suka mayar Donald, an gina shi daga tsofaffin kalmomi biyu, ɗaya tana nufin duniya, ɗayar tana nufin iko ko mulki. Ke nan fassarar sunan kai tsaye ita ce "ɗan Donald", idan kuma aka warware Donald ɗin sai ya zama "ɗan mai mulkin duniya". Bai kamata a ɗauki wannan ma'ana ta biyu da nauyi ba, domin sunan Dòmhnall ya daɗe yana yawo a bakin talakawa da sarakuna tun kafin a haifi mutumin da gidan ya ci sunansa.

Wane Donald ne ake nufi?

Ana nufin Donald ɗan Ranald ɗan Somerled, wanda ya rayu a farkon rabin ƙarni na 13 kuma cibiyar ikonsa take tsibirin Islay. Shi kansa ba a san shi da wasu manyan ayyuka a rubuce ba, kakansa Somerled ne ya cika tarihi. Somerled ya auri Ragnhild, 'yar Olaf sarkin tsibirin Man da sauran tsibirai, sannan a shekarar 1156 ya gwabza yaƙin jiragen ruwa da surukinsa Godred, ɗan'uwan matar tasa, ya ƙwace kudancin tsibiran daga hannunsa. An kashe Somerled a 1164 kusa da Renfrew lokacin da ya kai farmaki cikin ƙasar sarkin Sikotlan.

Bayan mutuwarsa 'ya'yansa suka raba gado. Daga ɗansa Dugald aka sami gidan MacDougall, daga ɗansa Ranald kuma aka sami jikoki biyu da suka kafa gidaje, wato Donald da Ruairi. Gidan MacAlister shi ma reshe ne da ya tsiro daga zuriyar Donald. Wannan dangantaka ta gidaje uku, MacDonald da MacDougall da MacAlister, za ta yi amfani sosai idan aka zo batun gwaji.

Yaya aka yi gidan Donald ya fi sauran 'yan'uwansa bunƙasa?

Dalilin siyasa ne. A yaƙe-yaƙen neman gadon sarautar Sikotlan na farkon ƙarni na 14, gidan MacDougall ya yi adawa da Robert Bruce, shi kuwa Angus Og, jikan Donald, ya mara masa baya har zuwa yaƙin Bannockburn na 1314. Da Bruce ya yi nasara sai ya saka wa Angus Og da ƙasashen da aka ƙwace daga hannun waɗanda suka juya masa baya. Ɗan Angus Og, John na Islay, shi ne ya fara kiran kansa Ubangidan Tsibirai a wata takarda ta 1336, kuma daga nan har zuwa 1493 gidan ya yi mulki tamkar ƙasa mai cin gashin kanta, da rundunar jiragen ruwa masu filafili da majalisa da alƙalai da maroƙan fada na gado, waɗanda ake kira gidan MacMhuirich.

Fadar tana Finlaggan, a kan wasu ƙananan tsibirai biyu da suke tsakiyar wani tafki a Islay. A babban tsibirin akwai gidan sarki da majami'a, ƙaramin kuma sunansa ma Tsibirin Majalisa. Marubutan ƙarni na 17 sun bayyana yadda ake naɗin sarauta a wurin: sabon ubangida yakan sa fararen tufafi, ya ɗora ƙafarsa a cikin wani sawu da aka sassaƙa a jikin dutse, alamar zai bi sawun iyayensa, sannan a miƙa masa farar sanda da takobin kakanninsa. A 1493 Sarki James na Huɗu ya ƙwace sarautar saboda yawan tawaye da kuma wata yarjejeniyar sirri da ubangida na ƙarshe ya ƙulla da Ingila. Har yau sunan sarautar bai mutu ba, yana cikin laƙabobin yarima mai jiran gadon Birtaniya.

Manyan rassan gidan kusan duk daga wannan zamani suka rabu. John na Islay ya fara auren Amie ta gidan Ruairi, daga baya ya rabu da ita ya auri Margaret, 'yar mutumin da ya zama Sarki Robert na Biyu, kuma sarauta ta tsallake 'ya'yan matar farko ta faɗa ɗakin 'yar sarki. Daga ɗakin Amie aka sami Clanranald da Glengarry, daga ɗakin Margaret aka sami Keppoch da Dunnyveg, wanda ya ƙetara zuwa Antrim a arewacin Ailan, da kuma Sleat na tsibirin Skye. Reshen Glencoe ya girme su, domin daga wani ɗan Angus Og ya fito.

Shin gaskiya ne "Mac" na Sikotlan ne, "Mc" kuma na Ailan?

Ba gaskiya ba ne. "Mc" taƙaitawa ce kawai ta "Mac", kuma a tsofaffin takardu ana ganin ma wata taƙaitawar, M' da waƙafi a sama. Malaman majami'a da magatakardan gwamnati, waɗanda galibinsu ba sa jin Gelik, su ne suke rubuta sunan yadda kunnensu ya ba su, shi ya sa mutum ɗaya kan fito da rubutu uku a takardar haihuwarsa da ta aurensa da ta mutuwarsa. Ta haka aka sami MacDonell a Glengarry da Keppoch, da MacDonnell a Antrim, da McDaniel a Amurka. Har MacConnell ma a wurare da yawa wannan sunan ne, saboda a furucin Gelik harafin "d" yana laushi bayan "mac" har ya kusa ɓacewa.

A cikin Gelik mace ba ta amsa "mac", tun da ita ba ɗa ba ce. Nata sunan NicDhòmhnaill ne, wato 'yar gidan Donald.

Duk wanda yake amsa MacDonald jinin Donald ne?

A'a, kuma tun kafin zuwan gwaji masana tarihi sun san haka. Kalmar "clann" a Gelik tana nufin 'ya'ya, amma abin da ake kira da wannan suna ya fi gida ɗaya faɗi nesa ba kusa ba. Akwai shugaba da danginsa na jini, waɗanda suke riƙe da filaye, akwai kuma dubban manoma da masunta da mayaƙa da suka yi caffa, suna noma ƙasarsa, suna fita yaƙi a bayansa, shi kuma yana ba su kariya. Waɗannan talakawa ba su da sunan dangi tsayayye sai a ƙarni na 17 da na 18. Kafin nan ana kiran mutum da sunansa da na ubansa da na kakansa, ko a haɗa da laƙabi irin su ja ko baƙi ko dogo. Da aka fara rubuta sunayen masu haya da masu baftisma, abu mafi sauƙi shi ne a ba mutum sunan ubangidan ƙasar da yake zaune. Ga kuma agololi da 'ya'yan riƙo, da masu gudun hukunci da suka fake a ƙarƙashin gidan suka ari sunansa, da wasu da ubansu na gaske Donald ne amma wani Donald dabam.

Misali mai kyau shi ne Jacques MacDonald, wanda Napoleon ya ɗaga zuwa muƙamin mashal bayan yaƙin Wagram a 1809. Mahaifinsa mutumin tsibirin Uist ta Kudu ne, sunansa Neil MacEachen, kuma bayan ya gudu Faransa sakamakon tawayen 1745, wanda aka yi domin mayar da gidan Stuart kan sarautar Birtaniya, ya koma amfani da sunan babban gidan da danginsa suke ƙarƙashinsa.

Yaya gwajin ƙwayoyin halitta yake gano zuriyar mutumin da ya mutu shekara 800 da suka wuce?

Sirrin yana cikin kuromosom ɗin Y, wani ɓangare na ƙwayoyin halitta wanda maza kaɗai suke da shi. Uba yana miƙa shi ga ɗansa kusan yadda ya karɓa daga nasa uban, ba ya gauraya da gadon uwa, don haka yana bin hanya ɗaya da sunan dangi a al'adar Turawa. Sai dai jefi-jefi ana samun ɗan kuskure wajen kwafi, kuma da zarar kuskuren ya auku a jikin mutum ɗaya, duk 'ya'yansa maza da jikoki da tattaɓa-kunne za su ɗauke shi har abada. Waɗannan kurakurai su ne tamkar tsagar gado a fuska. Masana suna duba iri biyu. Na farko maimaituwar wasu gajerun jerin haruffa ce, wadda adadinta yake canzawa da ɗan sauri, tana da amfani wajen kwatanta mutane biyu a ga ko kakansu na kusa ne. Na biyu sauyin harafi ɗaya tak ne, wanda ba kasafai yake aukuwa sau biyu a wuri ɗaya ba, kuma da shi ake zana bishiyar 'yan Adam ta wajen uba, ana ba rassanta sunaye irin su R1a da R1b da I1.

Ba jini ake ɗiba ba. Mutum yakan goga ɗan tsinke mai auduga a cikin kuncinsa, ya sa a 'yar kwalba, ya aika ta gidan waya.

To me aka gano game da gidan MacDonald?

A farkon shekarun 2000 Farfesa Bryan Sykes na Jami'ar Oxford ya lura da wata alama da take maimaituwa a tsakanin masu sunan MacDonald da MacDougall da MacAlister. Da aka gwada shugabannin rassan gidan Donald da suke raye, waɗanda salsalarsu take a rubuce, sai aka tarar dukkansu suna ɗauke da wannan alama. Wannan kaɗai abin mamaki ne, domin yana nufin tsawon ƙarni shida ko fiye jerin uba da ɗa a waɗannan gidaje bai yanke ba, kamar yadda takardu suka faɗa. Sykes ya ƙiyasta cewa maza kimanin 500,000 a duniya suna ɗauke da alamar, ko da yake ƙiyasin ya dogara ne a kan mutane kaɗan da aka gwada a lokacin.

Abin da ya girgiza masu riƙe da tarihin baka shi ne reshen da alamar ta faɗa. Maroƙan fada sun daɗe suna jan nasabar Somerled zuwa ga tsofaffin sarakunan Ailan, Colla Uais da Conn mai yaƙi ɗari, wato suna nuna shi Bagelike ne tsantsa ta wajen uba. Amma alamar shugabannin tana cikin R1a, a ƙarƙashin wani reshe da ake kira Z284, wanda cibiyarsa Norwe ce kuma a Birtaniya an fi samun sa a wuraren da mayaƙan teku na Viking suka zauna. Sunan Somerled kansa ma daga harshen mutanen Norwe na da ya fito, ma'anarsa matafiyin bazara, wato mai fita da jirgi idan sanyi ya wuce. Ga wanda ya san tarihin yankin babu saɓani mai girma a nan. Tsibiran sun kasance ƙarƙashin sarkin Norwe har zuwa yarjejeniyar Perth ta 1266, kuma an shafe ƙarnuka ana auratayya tsakanin baƙi da 'yan ƙasa har jikokin baƙin suka koma magana da Gelik. Mahaifin Somerled sunansa GilleBride, kakansa GilleAdamnan, duka sunayen Gelik ne na Kiristoci. A ganina nasabar da maroƙa suka tsara ta fi gaya mana abin da sarakunan ƙarni na 15 suke so a ɗauke su da shi fiye da abin da ya faru a ƙarni na 10.

Ɗaya ɓangaren sakamakon shi ne cewa masu wannan alama tsiraru ne a cikin masu sunan, ba su wuce ɗaya cikin huɗu ba. Mafi yawan MacDonald suna cikin R1b, musamman reshen L21 wanda ya mamaye Ailan da Sikotlan tun zamanin tagulla, kuma su ma ba tsatso ɗaya ba ne, gidaje ne masu yawa. Wannan ya dace da abin da aka faɗa a sama game da caffa. Kakannin waɗannan mutane su ne suka tuƙa jiragen, suka yi yaƙin Harlaw a 1411, kuma wasu zuriyoyin sun riga gidan Somerled zama a tsibiran.

An gwada ƙasusuwan Somerled ne?

Ba a gwada ba. Hujjar ta hanyar lissafi ce daga masu rai. Shugabannin da aka gwada sun haɗu a kan John na Islay, wanda ya rasu a wajajen 1386, don haka alamar tabbas tasa ce. Abin da yake tura ta baya zuwa Somerled shi ne samun ta a tsakanin MacAlister, waɗanda suka rabu tun ƙarni na 13, da kuma MacDougall, waɗanda ba su haɗa kaka da gidan Donald ba sai a kan Somerled kansa.

An ce akwai R1b a tsakanin Hausawa. Shin akwai dangantaka da mutanen Sikotlan?

Akwai R1b da yawa a yankin tafkin Chadi, a tsakanin masu magana da harsunan dangin Cadi, har da Hausawa, kuma a wasu al'ummomin tsaunukan arewacin Kamaru ya fi kowane reshe yawa. Amma reshen nan sunansa V88, na Sikotlan kuma L21, kuma kakan da ya haɗa su ya rayu fiye da shekara 10,000 da suka wuce, tun kafin a san wani abu wai shi Gelik ko Hausa. Bahaushen da gwajinsa ya nuna R1b bai sami dangi a Islay ba. Darasin da ke ciki ga masu binciken MacDonald shi ne cewa babban sunan reshe ba ya wadatarwa. R1a ma ana samun sa da yawa a Poland da Indiya, amma ba na Somerled ba ne, sai an bi ƙananan rassa har ƙasa.

Mene ne asalin gabar MacDonald da Campbell?

Gasar ƙasa da iko ce wadda ta daɗe, domin gidan Campbell na Argyll shi ya fi cin moriyar faɗuwar Ubangidan Tsibirai. Abin da ya fi zama a zukata shi ne kisan Glencoe na 13 ga Fabrairu 1692. Shugaban reshen Glencoe ya makara da kwanaki kaɗan wajen yin mubaya'a ga Sarki William, sai gwamnati ta tura sojoji ƙarƙashin Robert Campbell na Glenlyon. Mutanen ƙauyen suka sauke su a gidajensu, suka ciyar da su kusan mako biyu, sannan da asuba baƙin suka far wa masu masaukinsu suka kashe kimanin mutum 30, wasu kuma sanyi ya hallaka su a kan duwatsu. Umarnin daga gwamnati ya fito, amma cin amanar masauki shi ne ya sa labarin ya ƙi mutuwa.

Yaya sunan ya bazu a duniya?

Bayan yaƙin Culloden na 1746, inda aka murƙushe tawayen 1745, gwamnati ta karɓe ikon shari'a daga hannun shugabannin gidaje, sannu a hankali suka koma masu karɓar kuɗin haya kawai. Daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar na 19 aka riƙa tashin manoma daga ƙauyukansu domin a saki tumaki, yunwar dankali ta shekarun 1840 kuma ta ƙara ingiza mutane. Da yawa sun nufi Kanada, musamman Cape Breton da tsibirin Prince Edward da wata gunduma a Ontario da suka sa wa suna Glengarry. Wasu sun tafi Carolina ta Arewa, cikinsu har da Flora MacDonald, matar da ta taimaka wa Yarima Charles na gidan Stuart, jagoran tawayen, ya tsere bayan Culloden, wadda ta yi ƙaura a 1774. Firaministan Kanada na farko a 1867, John A. Macdonald, a Glasgow aka haife shi, kuma Ramsay MacDonald ya zama firaministan Birtaniya na farko daga jam'iyyar Leba a 1924. Sunan ya taɓa gaɓar Najeriya ma, domin Claude MacDonald ne ya shugabanci yankin kogunan manja na kudu daga 1891.

A Jamaika da sauran tsibiran Karibiyan akwai baƙaƙen fata masu yawa da suke amsa sunan. Wasu kakanninsu bayi ne da suka ɗauki sunan mai gandun da suka yi wa bauta, wasu kuma 'ya'yan da masu gandun ko wakilansu suka haifa ne da bayi mata, kuma gwajin Y yana iya bambance su, domin na farko zai nuna reshen Afirka, na biyu na Turai. Game da shagunan abinci na McDonald's, 'yan'uwan nan biyu da suka buɗe na farko a California a 1940 iyayensu daga Ailan suka yi ƙaura.

Mace za ta iya yin gwajin? Kuma daga ina ya kamata a fara?

Mace ba ta da kuromosom ɗin Y, don haka sai ta nemi mahaifinta ko ɗan'uwanta da suke uba ɗaya ko baffanta ko ɗan baffanta ya yi gwajin a madadinta. Gwajin da kamfanoni suka fi tallatawa, wanda yake ba mutum kaso-kaso na ƙasashe, ba zai amsa wannan tambaya ba, domin ƙarfinsa ba ya wuce kakanni biyar ko shida. Idan aka koma baya hawa goma mutum yana da gurbin kakanni 1,024, kuma Y ɗaya tak yake bi a cikinsu. Tsakaninmu da Somerled kuwa hawa ashirin da biyar ne ko fiye. Wannan yana nufin mai sunan MacDonald da gwajinsa bai nuna R1a ba yana iya zama jikan Somerled ta wajen wata kaka mace, sai dai Y ba zai nuna ba.

Masu bincike da gaske sukan fara da takardu. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati ta fara a Sikotlan a 1855, ƙidayar jama'a mai ɗauke da sunaye ta fara a 1841, kuma duk ana samun su a shafin ScotlandsPeople. Kafin 1855 sai littattafan majami'u, waɗanda a tsibirai da yawa ba a fara su da wuri ba. Inda takarda ta ƙare nan gwajin Y yake da amfani, kuma kamfanin FamilyTreeDNA yana ɗauke da wani shiri na musamman na gidan Donald inda ake jera sakamakon mutane rukuni-rukuni.

Mai sunan MacDonald yana da ikon amfani da tambarin gidan?

A dokar Sikotlan tambarin garkuwa mallakar mutum ɗaya ne, ba na duk masu suna ɗaya ba, kuma akwai kotu ta musamman a Edinburgh, ƙarƙashin jami'in da ake kira Lord Lyon, wadda take kula da wannan har ta hukunta mai amfani da tambarin wani. Abin da mabiyi yake da ikon sawa shi ne ƙaramin bajo mai alamar shugaba a tsakiya, an kewaye ta da hoton ɗamara mai ɗauke da taken gidan na Latin, "Per mare per terras", wato ta ruwa da ta tudu. Kirarin yaƙin gidan kuwa da Gelik yake, "Fraoch Eilean", tsibiri mai ciyawar dutse. Babban shugaban gidan a yau yana riƙe da sarautar Lord Macdonald kuma daga reshen Sleat na Skye ya fito, rassa irin su Clanranald da Glengarry kuma kowanne da nasa shugaban. Ƙungiyoyin gidan ba sa neman sakamakon gwaji kafin su karɓi mutum, sunan ko na wani kaka da ya amsa shi ya isa.